Faifan da Na Goge da Toka

Mu huɗu ne a gidan ran nan. Da ni, da jikata wadda ke koyar da yara a lakwal, makarantar boko, can Kore Mairuwa, ta zo hutun damina. Da ɗana na biyu, ƙanen ubanta, mai shago a bakin kasuwar Dogon Dutsi, wanda ya shigo gaisuwar safe bai tafi ba sai la'asar. Sai ƙanwar mijina marigayi, wadda idonta ya fara dushewa amma bakinta bai rage komai ba. Ban da mu sai awaki biyu a turke. Na lissafa su ne don a gidan nan ba kasafai ake samun mutum huɗu rana ɗaya ba. Sauran kwanakin shekara ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake tashi, in dama fura in sha rabi in rufe rabi.

Ban shiga lakwal ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Ina faɗa ne jikar tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana don ta yi daɗi.

Ubanta shi ne ɗana na fari. A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta tsayawa hira da shi. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake kira Inna. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. In ya shigo gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. In zan ba shi abinci, in aje kwanon in ce, ga tuwon mai ɗakin can, ban dubi kowa ba. Haka uwata ta yi da babban wanmu, haka na yi, kuma ban taɓa jin na yi ba daidai ba. Har furfura ta fara fito masa a gemu ban kalle shi ido cikin ido ba. Zazzaɓin kwana shida ya ɗauke shi. Ranar da aka fita da shi mata suna kuka, ni ina zaune a ƙuryar ɗaki idona a bushe, ana ta yaba mini kunya. Matarsa ta gama takaba, daga baya ta yi aure a Matankari, ta tafi da ƙananan yaran. Ban hana ta ba. Ɗakinsa ya rage mini, da abin da ke ciki.

Abin da ke ciki kwamfuta ce, shi yana ce mata ordinatar. Ba sayenta ya yi ba, haɗa ta ya yi da hannunsa. Shi mushe ne, wato malamin lakwal, lissafi yake koyarwa, amma tun yana ƙarami ba a aje rediyo kusa da shi ta kwana lafiya. Akwatin ƙarfen ya samo shi a wani ofis da suka fitar da tsofaffin kaya. Na cikin kuwa ɗaya bayan ɗaya suka zo, wani daga Yamai, wani daga Sakkwato a aljihun direba, wani abokinsa ne ya ba shi. Gefe ɗaya na akwatin bai taɓa samun murfi ba. Kana ganin hanjinta a waje, wayoyi ja da baƙi da rawaya, da wata 'yar fanka da ya ɗaure da zare. A gaba akwai wani baki, in an danna ya turo harshe, a ɗora masa faifai irin mai ƙyallin nan da suke kira sede, ya haɗiye. Shi wannan bakin lektar sunansa. Duk wannan daga baya na sani. Yana da rai ban taɓa tsallake ƙofar ɗakin ba. Ta gefen ido dai nake ganinsa in zan wuce, ya sunkuya, kansa rabi a cikin akwatin.

Wata kaka, mijina yana da rai, shi mai ɗakin ya aro kamara wajen abokin aikinsa ya bi mu ƙauye ranar da ake zuba dammunan gero a rumbu. Ya ɗauki kowa ya zuba a faifai guda. Shi ba ya ciki, tunda shi ke riƙe da kamarar. Muryarsa ce kaɗai. Yana tsokanar ubansa a bisa rumbu, yana dariya, sai can wajen tsakiya ya juyo kaina ina zaune gindin gawo ina bakace, ya ce, “Yaya, ɗago mana. Yaya, sau ɗaya dai.” Na ja mayafi na juya masa baya. Ya yi dariya ya ce, “To, an gode. Bayan ma ya isa.”

Wannan maganar ita nake jira duk shekara. Ban iya kunna injin ba, sai yarinyar ta zo hutu. Kuma ban taɓa cewa ta sa mini muryar ubanta ba, ba a yin haka. Sai in ce, Madam, kunna abin nan in ga rumbun da ya faɗi bara, na hagu ne ko na dama. In ɗauko tiren wake in zauna bakin ƙofa, kafaɗata ga allon, ina tsinta. In an wuce wurin gawon sai in tashi in ce na ga abin da nake nema.

Tsakanin hutu da hutu ni ke kula da ɗakin. Ran Juma'a in share, in sa garwashi a kasko, in zuba turaren wuta, in tura kaskon ƙarƙashin tebur, in lulluɓe kwamfutar da zane har ƙasa don ƙamshin ya kama ta, yadda ake yi wa tufafin mutumin da ake girmamawa. Faifan kuwa yana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa, a cikin gidansa na roba. Ana saura kwana biyu yarinyar ta iso na fito da shi na duba a rana. Na ga ya dushe, ga shatin yatsu, ga wani maiƙo. Ni a rayuwata ban taɓa miƙa wa mutum tasa mai dauɗa ba. Duk unguwar nan an san kwanukana, amare har tambayata suke zuwa yi. Na tankaɗe tokar kara mai laushi, na jiƙa ta, na sa tsumma na bi faifan zagaye-zagaye yadda nake bin gindin tasa. Na ɗauraye, na shanya a inuwa, na mayar da shi gidansa raina fari.

Ran nan an kwana ana ruwa, wutar lantarki ba ta dawo ba sai da hantsi. Jikata ta ce bana za ta kwashe abin da ke cikin faifan ta zuba a wayarta, don injin ya tsufa, ba a san ranar da zai ƙi tashi ba. Ta yaye zanen, ta jona waya, ta danna. Fankar ta fara juyawa, allon ya yi haske. Ta danna bakin, ya yi gurnani, harshen bai fito ba. Ta zare fil daga ɗankwalinta ta zura a wani ɗan rami da ban taɓa lura da shi ba, sai ga harshen ya turo. Na miƙa mata faifan a gidansa. Tana magana da babanta ƙarami ta ɗauko shi ta gefe ta ɗora, ba ta juya shi ba.

Abin ya ɗauki juyi kamar zai tashi sama, ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Wani rubutu ya fito.

Na ce, “Mi ya ce?”

“Ya ce babu faifai a ciki, Kaka.”

“Ƙarya yake yi. A gabana kika sa.”

Ƙanwar mijina tana zaune a tabarma a inuwar bango tana goga goro a magogi, don haƙoranta sun ƙare. Ta ce, “Matarmu, na sha faɗa miki. Ɗakin ga kin bar shi ba kowa, ɗaki kuwa ba ya zama hakanan. Masu shi sun shigo. A samo farar kaza a ba su haƙƙinsu, ku ga in bai yi magana ba.”

Ɗana ya zabura. “A'uzu billahi! Gwaggo, shirka da rana tsaka? Ƙarfe ne da waya, mi ya haɗa shi da iskoki?”

“Kai rufe mini baki. Da ka yi ciwon nan kana jariri, wa ya goya ka har Lugu wajen masu iskoki? Wandonka ne ya ɗage, wayonka yana nan inda na bar shi.”

Jikata ta ƙyalƙyale da dariya. Shi ma ya so ya yi, ya shafa gemu ya danne. Ya juyo wajena ya sassauta murya. “Inna, ni dai gaskiya zan faɗa. Hoton mamaci ba ya ƙara mishi komai. Addu'a ita ce ke isa gare shi.”

Na ce, “Wa ya ce maka mamaci nake nema? Rumbu nake son gani.”

Ya koma ya jingina da bango.

Yarinyar ta kashe injin ta zare wayar daga bango. Ta durƙusa ta sa hannu cikin hanjin nan ba ko tsoro. Akwai wata igiya mai faɗi kamar ɗamara da ta tashi daga bayan lektar ɗin ta shiga can ƙasa. Ta cire ta, ta hura bakinta, ta mayar ta danna da ƙarfi. Ta cire wata ƙarama mai kai fari ta canja ta da 'yar uwarta da ke reto. Tana yi tana faɗa mini, wannan ke kai masa wuta, wannan ke ɗauko magana, wani lokaci sukan saki. Ni ba maganar nake bi ba, hannunta nake kallo. Babban yatsanta gajere ne mai faɗi, irin na ubanta. Ban faɗa ba.

Ta kunna. Ƙas, ƙas, shiru. Rubutun nan ya dawo.

Na ce, “Ɗazu da kika tsokane shi da fil, kin huda masa wani abu.”

“Ramin don haka aka yi shi, tsohuwa.”

Na juya ga ɗana. “To kai ne. Da azumi ka shigo nan ka jona wayarka, na gan ka.”

“Inna, a bango na jona, ban ko taɓa zanen ba.”

“Wani dai ya taɓa. Abu yana zaune lafiya ba ya lalacewa don kansa.”

Haka na faɗa, da ƙarfi, kuma na yarda da abin da na faɗa.

Ta jawo gwangwanin madarar da ubanta ke tara kusoshi, ta ɗauki turnabis, abin juya kusa, ta kwance lektar ɗin gaba ɗaya, ta fito da shi tsakar gida ta aje a bisa turmi. Ta buɗe murfinsa. Sai ta kai hanci ta shinshina.

“Kaka, abin ga ƙamshi yake kamar amarya.”

Ta kira ni na matso. A tsakiyar ƙarafan akwai wani ɗan gilashi, bai fi ƙwayar dawa ba. Ta ce shi ne idonsa, da shi yake karanta faifai, kuma asalinsa garau yake kamar ɗigon ruwa. Wanda nake gani ja ne, kamar cikin tsohuwar butar shayi.

“Hayaƙi ne ya danƙare. Turare kike mishi?”

“Kowace Juma'a.”

“To ya ji daɗi, amma ya makance.”

Daga tabarma ƙanwar mijina ta ce, “Mun zama biyu. A kawo shi nan mu zauna.”

Ban ji daɗi ba, amma ban musa ba. Na tambaya ko yana wankuwa, ta ce yana wankuwa, sai dai ba da ruwa ba. Ɗana ya hau babur ya tafi farmasi ya sayo alkol irin na goge wurin allura, ya biya shagonsa ya ɗauko wani faifan don a gwada. Ta naɗa auduga a tsinke, ta ɗiga alkol, ta shafi idon a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Audugar ta fito ja. Ta sake, ta sake, har ta fito fara. Ta ga kuma wata 'yar roba da ke jan harshen ta saki, ta cire ta kitsonta ta sa a madadinta. Ta rufe, ta mayar, ta ɗaure kusoshin.

Wannan karon harshen ya fito da kansa. Ta ɗora faifan da babanta ƙarami ya kawo. Ba a yi ƙas ba ko ɗaya, sai wata murya ta fashe da wa'azi har awakin suka zabura. Ƙanwar mijina ta dafe ƙirji.

“Ga shi nan, Gwaggo,” in ji ɗana, “ba kaza, ba jini. Auduga kawai.”

“Ai dole su gudu. Wannan ihun ni ma gudu zan yi.”

Na bar su suna yi na shiga ɗakina na ɗauko tiren wake. Na zauna inda na saba zama, bakin ƙofa, kafaɗata ga allon. Na ce, “Cire mana malamin, ya isa. Sa na rumbun.”

Ya daɗe yana juyi. Sai hoto ya fito. Ƙasa ce ja, da karan gero a warwatse, da inuwar mutum ya ɗaga abu daidai fuskarsa. Inuwar tana tafiya, kan takalminsa yana leƙowa ta ƙasan allon yana komawa. Ana jin iska, ana jin jaki can nesa. Gindin rumbu ya shigo, da ƙafar mijina a kan tsani. Na san nan da kaɗan zai ce wa ubansa ya riƙe da kyau. Sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan faci-faci, ya tsaya cik. Ƙas, ƙas, ƙas.

Ta fitar ta mayar. A nan ya tsaya. Ta kashe injin ta kunna, a nan ya tsaya. Ta ce wataƙila lektar ɗin ya gaji, yana iya karanta faifan kanti amma ba ya iya wanda aka zuba a gida. Ta jawo kwali daga ƙarƙashin gadon ubanta, akwai wani tsohon lektar a ciki naɗe a leda, hayaƙi bai same shi ba. Ta kwance wancan ta ɗaura wannan. Aka kira azahar tana cikin yi, ɗana ya fita masallaci ya dawo, mu ma muka yi salla. Na ɗumama tuwo, ba wanda ya ci da yawa sai ƙanwar mijina.

Da aka kunna da sabon, inuwa, takalmi, gindin rumbu, ƙafar mijina. Ya tsaya daidai wurin.

Ta bincika cikin injin ko ubanta ya bar wani a can. Babu, ya canja cikin injin bayan waccan kakar. Ta kira uwarta a Matankari. Na ji muryar matar siririya daga wayar tana cewa guda ɗaya ne aka yi, shi ne na wajen tsohuwa.

Sai yarinyar ta fitar da faifan ta fita da shi tsakar gida. Ta juya shi ta karkata shi ga rana. Ta daɗe a tsaye, bayanta gare ni.

“Wa ya taɓa faifan ga?”

Na ce, “Ni. Na wanke shi.”

“Da mi?”

“Da toka. Dauɗa gare shi.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dawo ta durƙusa gabana ta karkata mini shi. Na ga zobe a cikin zobe a cikin zobe, sirara, ba su ƙirguwa, tun daga ramin tsakiya har baki. Aikina ne, na gane shi, haka gindin tasata yake. Ta ce maganar da ke ciki a kan layi ɗaya take, wanda ya fi gashi siranta, yana zagayawa. Idon nan layin yake bi. In ƙarzanen ya ratsa layin ne ya wuce, idon yakan tsallake. In kuwa ya bi zagayen, to ya tafi tare da layin, babu abin bi.

“Da daga tsakiya kika goge zuwa baki ma, da da sauƙi.”

Na ce, “Ba haka ake wanke tasa ba.”

Ni ma na ji abin da na faɗa. Tiren yana kan cinyata, na kasa ajewa, na kasa ci gaba.

Ta ce akwai dabara ɗaya da ubanta ya taɓa nuna mata. Ta ɗauko man goge baki ta ɗiga a faifan, ta shafa da lallausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, daga tsakiya zuwa baki, har hannunta ya gaji. Ta ɗauraye, ta bari ya bushe, ta sa. Inuwa, takalmi, rumbu. Ya wuce inda yake tsayawa da ɗan kaɗan. Aka ji mai riƙe da kamarar ya ja numfashi zai yi magana. Sai faci-facin suka rufe.

Sau uku ta ƙara man. Bai ƙara ko taki ɗaya ba.

Ɗana ya matso ya tsuguna nesa da ni kaɗan. Ya ce, “Inna, ƙaddara ce, kada ki sa a rai. Rumbun ma ni na tuna, na hagu ne ya faɗi.”

Ban sani ba ko da gaske ya ɗauka rumbu ne, ko rufa mini asiri yake. Ƙanwar mijina ba ta tsaya ta sani ba.

“Kai, gemun ga na banza ne? Wane rumbu? Ɗanta take son ji. Shekara nawa tana zama bakin ƙofar ga da waken da ta riga ta tsince? Ni da ba ni gani ma na ji ba a jefar da tsakuwa ko ɗaya.”

Abin da ya kamata in yi na san shi. In tsuke fuska in ce, wane ɗa, ni ina na ga ɗa, na Inna uwar mijina ne. Haka ake cewa, haka na faɗa duk lokacin da wata ta tsokane ni tun ina ƙuruciya. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce, “Awo. Shi nake son ji.”

Ɗana ya sunkuyar da kai kamar ya shigo ya tarar da ni ba ɗankwali. Ƙanwar mijina, wadda ta jawo maganar, ta shiga lalubar goronta a tabarma.

Jikata ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, “Kaka, na hardace shi duka. In kina so in faɗa miki yadda ya faɗa.”

“A'a. Bakinki ba nasa ba ne.”

Na faɗa da kaushi fiye da yadda na nufa. Ta shiga tattara kusoshin tana zubawa a gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce a Yamai akwai masu injin da ke kankare fuskar faifai, su ɗebe wani abu kaɗan har ƙarzanen ya ɓace. Wani yakan tashi. Wani kuma in aka kankare ya yi yawa sai ya mutu gaba ɗaya, ko inuwar nan ba za a ƙara gani ba. Ta ce ba ta yi mini alkawari ba. Ɗana ya ce gobe ma zai tafi Yamai sarin kaya, in na yarda ya tafi da shi.

Na ce a ba ni abina. Na mayar da shi gidansa, na sa a kwalla, na rufe.

Aka kira la'asar. Ɗana ya yi sallama, ya tsaya a zaure ya daɗe yana gyara babur ɗin da ba abin da ya same shi, sannan ya tafi. Ƙanwar mijina ta nemi sandarta. A ƙofa ta tsaya ta ce, “Matarmu, in na yi miki ba daidai ba, ki yafe.” Na ce ta kula da kwatar nan, ruwa ya cika ta. Yarinyar ta raka ta gida. Na zauna ni kaɗai a tsakar gidan. Na yi ƙoƙarin in ji muryar a cikin kaina. Kalmomin suna nan duka, amma da muryata suke zuwa.

Washegari da na idar da sallar asuba na ta da jikata, na fito da faifan na ce ta kunna mini. Ta yi shirin zuwa Matankari gaishe da uwarta, amma ta aje jakar ta kunna. Na shiga ɗakin na zauna a kujerar ubanta, fuskata ga allon. Na kalli inuwar tun daga farko. Ashe yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, ban taɓa sani ba. Na ji numfashin. Da ya tsaya na ce ta fitar.

Na naɗe faifan a sabon ƙyalle, na yafa mayafi, na taka da ƙafata har tasha. Na tarar da ɗana ya riga ya samu wuri a mota. Ya ga ni ya sauko da sauri. Na miƙa masa na ce ya sa a aljihun gaba, ba cikin jaka ba, kuma ya tsaya a kan mai injin ya ga abin da yake yi, kada ya bari ya tafi yawo. Na ce ya faɗa wa mutumin na wane ne.

“In ce na wa, Inna?”

“Ka ce na wanka ne. Ka ce uwarsa ta aiko.”

Na tsaya har motar ta cika ta tashi. Da na dawo gida yarinyar ta riga ta tafi, ta bar mini makulli a ƙarƙashin turmi. Na buɗe, na kwance awakin, na ba su ruwa.